Kofi Goma na 'Yan Matan Najeriya

Masu saurarenmu na Wurno da Rabah da Goronyo, da duk ƙauyukan bakin gulbin Rima, shirinmu na yau na ƙwallo ne, amma ba ta Arsenal da Real Madrid da samari ke raba dare suna musu a kanta ba.

Daren Asabar ne, 26 ga Yulin 2025, a birnin Rabat na Maroko, wasan ƙarshe na gasar Kofin Afirka ta mata. Rabat na ce, ba Rabah ba, kada mutanen garin Sardauna su ce a ƙofar gidansu aka yi. Ko da yake akwai dangantaka, don sunan Rabat daga ribaɗi ya fito, irin wanda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa a Wurno.

Kafin hutun rabin lokaci masu masaukin baƙi sun zura wa 'yan matan Najeriya, wato Super Falcons, biyu. Mai gidan kallon da ya kashe janareta a wannan lokaci, ba wanda zai ga laifinsa, ga tsadar fetur. To, da aka dawo sai Esther Okoronkwo ta ci bugun fanareti. Ita ce ta sake ba Folashade Ijamilusi ta farke ta biyu. Saura minti biyu a tashi, Okoronkwon ta ɗago bugun tazara, Jennifer Echegini ta sa ƙafa. Uku da biyu, filin da ya cika da jajayen riguna ya yi tsit.

Kofin Afirka na goma ke nan. Daga 1998 zuwa 2025 an buga gasar sau 13, uku kawai suka kuɓuce musu: Equatorial Guinea ta ɗauka a 2008 da 2012, Afirka ta Kudu a 2022. Mazanmu na Super Eagles kuwa kofi uku gare su.

A gasar duniya ce abin ke cije musu. Ba su taɓa fashin zuwa ba tun 1991 a China, amma iyakarsu zagayen kusa da na kusa da ƙarshe, a Amurka a 1999. Ranar ma Brazil ta ci su uku, suka rama duka ukun, kafin a fitar da su a ƙarin lokaci. A 2023 sun doke Ostareliya a gidanta, suka riƙe Ingila har bugun fanareti. Duk da haka a 2016, da kofi a hannunsu, sai da suka ƙi barin otal a Abuja kafin a biya su alawus. Wannan abin kunya ne.

Na san abin da wasu iyaye ke cewa: sutura fa? Tambaya ce mai kyau. Tun 2014 dokar ƙwallo ta yarda da rufe kai, kuma Nouhaila Benzina ta Maroko ta buga gasar duniya ta 2023 da hijabinta. Asisat Oshoala, wadda ta zama gwarzuwar Afirka sau shida, musulma ce 'yar Ikorodu. Ban ce kowa ya saya wa 'yarsa takalmin ƙwallo ba, kowane gida da tsarinsa.

Roƙona ƙarami ne. Samarin Goronyo da Wurno da Rabah, ranar da 'yan matan nan za su sake shiga fili, ku ce wa mai gidan kallo ya kamo muku tashar.