Kiwon Dokin Teku a Tankin Gida: Rarrabe Gaskiya da Jita-jita

Dokin teku ƙaramin kifi ne mai kai irin na doki, da dogon baki siriri, da wutsiya wadda yake naɗe ciyawa da ita ya tsaya a miƙe cikin ruwa, kuma masana sun sanya shi a rukunin da suke kira Hippocampus, wanda ya ƙunshi nau'i fiye da 40 da ke zaune a gaɓar tekuna inda ruwa ba shi da zurfi. Tun da aka fara ajiye shi a tankin gilashi a gidajen Turai da Amurka da Ostireliya maganganu suka yi yawa a kansa, wasu masu tushe, wasu gaskiyar jiya ce da zamani ya wuce da ita, wasu kuwa ƙage ne tsagwaronsa, kuma tun da ran dabbar yana hannun mai kiwo, wajibi ne a tsaya a tace su.

Maganar da ta fi yaɗuwa ita ce wai dokin teku ba ya rayuwa a tanki, duk wanda ya saya asara ya ɗauko. Wannan zance yana da asali, domin a da kusan dukkan waɗanda ake sayarwa kamo su ake yi daga teku, su iso a galabaice bayan doguwar tafiya, ɗauke da ƙwayoyin cuta, kuma ba su san wani abinci ba sai mai rai mai motsi, don haka da yawa yunwa ke kashe su cikin 'yan makonni alhali abinci na kwance a gabansu. Al'amarin ya sauya daga ƙarshen shekarun 1990, lokacin da gonakin kiwo a Hawai da Ostireliya suka fara hayayyafar su a tankuna tare da saba musu tun suna ƙanana da daskararren maisis, wato wani ɗan mitsitsin jatan lande da ake sayarwa a ƙanƙare. Nau'in Hippocampus erectus na gaɓar Amurka ta gabas, idan haihuwar tanki ne, yana iya yin shekaru a hannun mai kula. Saboda haka hukuncin farko ya dogara ne a kan inda dabbar ta fito, kuma wannan ita ce tambayar da ta kamata mai saye ya fara yi kafin ya tambayi farashi.

Abin da ake faɗa game da wahalar ciyar da shi kuwa gaskiya ne ba ƙari. Dokin teku ba shi da haƙora kuma ba shi da tumbi, abinci yana ratsa hanjinsa da sauri, shi ya sa ake ba shi sau 2 ko 3 a kowace rana ba fashi. Yadda yake ci ma abin lura ne: yakan tsura wa abincin ido na ɗan lokaci, kowane ido na juyawa daban da ɗan'uwansa, ya matso a hankali, sannan ya zuƙe shi farat ɗaya da 'yar ƙara wadda ake iya ji a ɗaki mai shiru. Wannan jinkiri ne ya sa ba a haɗa shi da kifaye masu zafin nama, domin kafin ya gama shawara sun cinye komai. Akwai masu cewa artemiya, wani ƙaramin jatan lande na tafkunan gishiri, ta wadatar a matsayin abincin yau da kullum saboda arharta. Wannan kuskure ne ga manyan nau'o'i, domin babbar artemiya ba ta da amfanin jiki sosai in ba an ƙosar da ita da sinadaran gina jiki ba, kuma dokin da aka dogara da ita gare shi yakan rame sannu a hankali yana ci. Haka nan zaton cewa ƙaramin nau'in nan Hippocampus zosterae, wanda bai kai tsawon ɗan yatsa ba, ya fi sauƙi saboda ƙaramin tanki ya ishe shi, ya saɓa wa abin da masu kiwo suka gani, domin shi sai artemiya mai rai sabuwar ƙyanƙyasa, wadda dole a ƙyanƙyashe a gida kusan kullum.

A kan ruwa ne jita-jita ta fi yin ɓarna. Babu dokin teku na ruwan daɗi, kuma abin da wasu 'yan kasuwa ke sayarwa da wannan suna ko dai danginsa ne na kifaye sirara masu dogon jiki, waɗanda wasunsu ke zama a koguna, ko kuma dokin teku ne na gaske wanda ruwan daɗi zai kashe. Ko nau'in Knysna na Afirka ta Kudu, wanda ke jure raguwar gishiri a bakin koguna, ba kifin ruwan daɗi ba ne. Gishirin miya ma ba ya maye gurbin gishirin da aka harhaɗa don tankin teku, domin ruwan teku ya ƙunshi ma'adanai da dama banda gishirin da harshe ke ji, kuma ana auna kaurin ruwan tankin da wani ɗan ma'auni har ya tsaya tsakanin 1.020 da 1.025. Sabon tanki kuma ba a zuba masa dabba ranar da aka cika shi. Sai an bar shi makonni 4 zuwa 6 har bakteriya masu amfani su kafu a matatar ruwa da duwatsu, su riƙa juya amoniya, wato gubar da kashin kifi da ragowar abinci ke fitarwa, zuwa sinadarin da bai kai ta illa ba.

Batun zafin ruwa ya cancanci a daɗe a kansa, domin nan ne hankali ke yaudarar mutum. Ana ɗauka cewa dabbar da ta fito daga teku mai ɗumi ɗumi take so, amma gogaggun masu kiwo suna riƙe ruwan nau'o'in yankuna masu zafi a digiri 22 zuwa 24 a ma'aunin Salshiyos, ƙasa da abin da ake ba tankin murjani, saboda bakteriyar Vibrio, mai ruɓar da wutsiya da baki da fata, tana ninkuwa da sauri idan ruwa ya yi ɗumi a rufaffen tanki. Babban nau'in Ostireliya da Niyuzilan, Hippocampus abdominalis, wanda ke kaiwa kusan santimita 35, ya ma fi haka son sanyi. Ma'anar wannan ga mai zama a Kano ko Maraɗi, inda zafin bazara ke haura digiri 40, ita ce na'urar sanyaya ruwa da wutar lantarki marar yankewa su ne ginshiƙin kiwon gaba ɗaya, kuma ɗaukewar wuta ta yini guda ta isa ta hallaka abin da aka yi watanni ana reno.

Cewa ruwan tanki ya zauna cik ba motsi shi ma ba daidai ba ne, matsakaicin gudu yana tsabtace tanki kuma dabbar na jure shi matuƙar akwai abin da za ta naɗe da wutsiya, an kuma toshe bakin injin tura ruwan da raga. Tsayin tanki ya fi faɗinsa muhimmanci, kuma abin da aka saba bai wa namiji da mace shi ne kimanin lita 110, ba tare da murjani mai harbi a ciki ba. Launi kuwa ba abin dogaro ba ne, wanda aka saya ruwan ɗorawa yana iya komawa baƙi-baƙi gwargwadon muhallinsa da halin da yake ciki.

Labarin cewa namiji ne ke ɗaukar ciki gaskiya ne: mace tana zuba ƙwanta a wata jaka da ke gaban jikinsa, ya rene su a ciki kimanin makonni 2 zuwa 4 a yawancin nau'o'in da ake kiwo, sannan ya haifi 'ya'ya da naƙuda, wani lokaci ɗaruruwa. Inda aka yi ƙari shi ne cewa ma'aurata ba sa rabuwa har abada, wai in ɗaya ya mutu ɗayan baƙin ciki zai kashe shi. Binciken da wata masaniya, Amanda Vincent, ta yi a kan wani nau'i a gaɓar Sidni ya nuna namiji da mace suna riƙe juna tsawon lokacin hayayyafa, suna haɗuwa kowace safiya su yi 'yar rawar gaisuwa, amma ba dukkan nau'o'i ne ke haka ba, kuma a tanki an sha ganin sun sauya abokin zama. Idan biyu suka mutu a jere, abin da ya dace a fara zargi shi ne cuta ko lalacewar ruwan da suke ciki tare.

Ta fuskar doka, ba haramun ba ne kiwonsa a yawancin ƙasashe, sai dai yarjejeniyar CITES mai kula da cinikin namun daji tsakanin ƙasashe ta sanya dukkan nau'o'insa a jerinta na biyu a 2002, dokar ta fara aiki a 2004, don haka fitar da shi daga wata ƙasa zuwa wata sai da takardar izini. Masu tanki ba su ne babbar barazana gare shi ba, domin mafi yawan cinikinsa na busasshe ne, miliyoyi a shekara, don magungunan gargajiya na ƙasar Sin, kuma cinikin ya kai har Afirka ta Yamma, inda a 2016 aka ba da shawarar dakatar da fitar da nau'in Hippocampus algiricus daga Senegal da Gini. Duk da haka wannan bai wanke mai sayen kamun teku ba, tun da yana ƙara wa dabbar matsi, kuma abin da ya saya da wuya ya rayu. Wanda ba zai iya samun haihuwar tanki ba, ko ba shi da tabbacin sanyi da wuta da abinci na kowace rana, bai kamata ya sayi dokin teku ba.