Asirin Ɗan Ƙasa da Tsaron Ƙasa: Abin da Doka Ta Tanada

Jama'a da yawa suna tambaya ko hukuma tana da ikon sauraron maganar da mutum yake yi ta wayar tarho. Tana da wannan iko, amma bisa sharuɗɗan da doka ta gindaya, waɗanda ya wajaba kowane ɗan ƙasa ya san su.

Sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya tabbatar wa kowane ɗan Nijeriya kariyar asirinsa, da na gidansa, da wasiƙunsa, da maganganunsa na waya. Sai dai Sashe na 45 ya yarda a kafa dokar da za ta taƙaita wannan hakki saboda tsaron ƙasa, ko lafiyar jama'a, ko kare hakkin wasu, muddin dokar ta dace da mulkin dimokuraɗiyya. Dalilin haka a fili yake. Masu satar mutane ta waya suke neman kuɗin fansa, kuma sau da yawa bin sawun layin ne yake kai jami'an tsaro ga maɓoyarsu.

To, amma ikon da yake ceton wanda aka sace, idan babu linzami, shi ne kuma za a iya juyawa a kan ɗan jarida ko ɗan hamayya. Saboda haka aka yi masa iyaka. Ƙa'idojin da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta fitar a 2019 sun ce sai jami'an tsaro sun sami takardar izini daga alƙali kafin su saurari waya. Idan rai yana cikin haɗari, ko ana barazana ga tsaron ƙasa, suna iya farawa ba tare da ita ba, amma tilas su nemi izinin cikin awa 48.

Haka kuma dokar laifuffukan intanet ta 2015 ta umarci kamfanonin sadarwa su adana bayanan masu layi da na zirga-zirgar saƙonni har shekara 2. A 2023 aka kafa dokar kare bayanan jama'a, tare da hukumar da take karɓar ƙara daga wanda aka yi amfani da bayanansa ba bisa ƙa'ida ba.

Duk wanda yake ganin an keta asirinsa ba da izinin doka ba, Sashe na 46 ya ba shi damar kai ƙara Babbar Kotu a jihar da abin ya faru. Ana kuma jan hankalin jama'a da kada kowa ya ba wani aron layin da aka yi rajista da sunansa, domin idan aka aikata laifi da shi, mai sunan za a fara nema.