Bindigar Maharbi da Amanar Halitta a Yankin Abuja

A kan hanyar Abuja zuwa Lokoja, tsakanin Gwagwalada da Kwali da Abaji, da zarar rani ya kama sai ka riƙa ganin samari a bakin kwalta suna ɗaga gyazbi ko gafiya, suna tare masu motoci. Can gaba wata mata ce da banda a kan waya, naman ya yi baƙi ƙirin da hayaƙi har ba a gane ko wace dabba ce. Mai mota ya ci burki, a yi ciniki ta taga, a ƙulle a leda, ya wuce birni. Wannan ɗan ciniki shi ne ƙarshen wani dogon sauyi: farauta a Babban Birnin Tarayya ta tashi daga sana'ar gado mai lokaci da ƙa'ida, ta koma hidimar kasuwar da ba ta ƙoshi, a 'yan shekarun nan kuma ta haɗe da aikin tsaro. Da yake da yawa daga cikin maharban ƙauyukan nan Kirista ne, haka ma da yawa daga cikin masu sayen naman, ya kamata a duba abin da koyarwar coci kan riƙon amanar halitta take cewa, da dalilin da ya sa ba a cika jin muryarta a daji ba.

Farauta mai iyaka

Kafin a zana taswirar Abuja, ƙasar ta Gbagyi ce da Gade da Gwandara da Koro da Bassa da Ganagana da Egbura, kuma noma ne ƙashin bayan rayuwarsu. Farauta aikin rani ce, bayan an kai amfanin gona gida. Da damina gona ta riƙe kowa, ciyawa ta yi tsawo, namun daji su sami sararin haihuwa da reno. Akwai kurmi da duwatsun da al'ada ta hana shiga da makami, akwai kason dattawa a cikin abin da aka kamo, yaro kuma ba ya riƙe bindiga sai ya daɗe yana bin ubansa yana koyon sawu da kaɗawar iska. A ƙasar Hausa ma Sarkin Baka ko Sarkin Dawa ne ke da ta cewa kan ranar fita da dajin da za a shiga.

Ita kanta bindigar tana da iyakarta. Mai harba-ka-ruga sai ya ɗura albarushi ta baki, ya cusa tsumma, ya zuba guntayen ƙarfe, ya danna da sanda, sannan ya sami harbi ɗaya tak. In ya kuskure, gada ta sha. Wannan jinkiri da damina da dokar al'ada su ne suka riƙa tsare daji tun ba a san ma'aikacin gandun daji ba.

Abin da ya rushe iyakar

Na farko shi ne birnin kansa. Gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta kafa yankin a watan Fabrairun 1976, aka dawo da fadar gwamnati daga Legas ranar 12 ga Disamba, 1991, ƙidayar 2006 kuma ta sami kimanin mutum miliyan 1.4 a yankin, adadin da yanzu aka wuce da nisa. Rukunin gidaje sun mamaye Lugbe da Lokogoma, masu fasa dutse sun yi sansani a Mpape, masu gawayi sun bi manyan itatuwa har cikin Kuje da Kwali da Abaji. Dabbobin da suka rage sun taru a 'yan guntayen daji, inda samunsu ya fi sauƙi.

Na biyu kasuwa ce. Binciken da ƙungiyar WildAid ta fitar a 2021, bayan ta tambayi mazauna Legas da Abuja da Fatakwal da Kalaba, ya nuna kashi 71 cikin ɗari sun taɓa cin naman daji, kashi 45 kuma sun ci a cikin shekarar da ta gabaci binciken. Ɗan birni ba yunwa ce ke kai shi ga naman daji ba, don sau da yawa ya fi na shanu tsada. Marmari ne da tunawa da gida. Maharbin da a da yake neman na tukunyar iyalinsa, yanzu yana neman cika odar mai gidan farfesu ne, ita kuwa oda ba ta san damina ba.

Na uku kayan aiki ne. Fitilar goshi mai caji ta mai da dare lokacin farauta, domin dabba na ganin haske sai ta tsaya cak, idanunta na ƙyalli. Babur ya kusanto da dajin da a da sai an kwana a hanya, wayar hannu ta haɗa maharbi da dillali, maƙera kuma suna ƙera bindigar da ke cin harsashin kanti, wadda ake sake ɗurawa cikin ƙiftawar ido. Ga tarkon waya da ake kafawa barkatai, wanda bai bambanta mai ciki da namiji ba. Ga kuma ƙunar daji don a kori gafiya da zomo, duk da cewa dokokin hukumar kare muhalli ta NESREA na 2011 sun hana.

Na huɗu matsin rayuwa ne. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari a 2024. Saurayin da gonar gidansu ta koma fulotai, bai kuma sami aiki a birnin da ya cinye ta ba, ba abin mamaki ba ne ya ɗauki bindigar kakansa.

Bindiga mai aiki biyu

Rashin tsaro ya ƙara wa bindigar maharbi wani nauyi. Harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna a Maris 2022, fasa gidan yarin Kuje a Yulin shekarar, da sace-sacen mutane a Bwari a farkon 2024 sun nuna cewa dazuzzukan da suka haɗa yankin da jihohin Kaduna da Neja da Nasarawa sun zama hanyar 'yan bindiga. A ƙauyukan da ofishin 'yan sanda ya yi nisa, maharba da 'yan banga ne ke kwana a bakin gari, su ne kuma ke nuna wa jami'an tsaro hanya, don sun san daji kamar yunwar cikinsu. Amincewar da Shugaba Bola Tinubu ya yi da kafa dakarun tsaron daji a Mayun 2025 alama ce cewa gwamnati ta san wannan giɓi.

Sai dai doka ba ta bi sawun wannan sauyi ba. Dokar makamai ta 1959 ta tanadi lasisi har ga bindigar da ake ɗura wa albarushi ta baki, amma maharban ƙauye kaɗan ne suka taɓa riƙe irin wannan takarda, kuma a 2023 rundunar 'yan sanda ta sanar da dakatar da ba da sabon lasisin bindiga. Sakamakon haka maharbin kirki ba shi da abin nunawa da zai raba shi da ɓata-gari. Abin da ya faru a Uromi ta jihar Edo a ƙarshen Maris 2025, inda aka kashe mafarauta 16 da ke kan hanyarsu daga jihar Ribas zuwa Kano bayan an ga bindigogi ƙirar gida a motarsu, ya nuna irin mummunan ƙarshen da zargi da ɗaukar doka a hannu kan kai.

Abin da daji ya rasa

Abin da ake ɗagawa a bakin titi shi ne ma'auni mafi sauƙi. Ɓauna da gwanki da kanki sun zama labarin tsofaffi a mafi yawan yankin, abin da ya rage gyazbi ne da gafiya da zomo da damo da gada jefi-jefi. A Najeriya baki ɗaya masu kare namun daji na ƙiyasta cewa zakunan da suka rage ba su kai 50 ba, giwaye kuma ba su kai 500 ba. A Abuja ne gwamnati ta ƙona kusan tan 4 na ɓawon ɗankunya a Oktoban 2023, ta kuma niƙe kimanin tan 2.5 na hauren giwa a Janairun 2024, duk kayan da aka ƙwace daga masu fasa-ƙwauri. Ta fuskar lafiya, wutar daji kan koro ɓeraye zuwa gidaje a daidai lokacin da zazzaɓin Lassa ya fi yaɗuwa, kuma a 2022 Ma'aikatar Noma ta Tarayya ta sanar da hana cinikin naman daji saboda cutar ƙyandar biri. Kasuwar ba ta tsaya ba.

Me coci ta ce, me ta bari

Littafi Mai Tsarki bai haramta farauta ba. Isuwa ɗan Ishaku maharbi ne, kuma Farawa sura 9 ta halatta wa mutum cin nama. Amma izinin yana tafe da sharaɗi. Ikon da aka ba mutum kan dabbobi a sura ta 1, sura ta 2 ta bayyana shi da aikin nome gona da kiyaye ta. Zabura 24 ta tabbatar cewa duniya da abin da ke cikinta na Ubangiji ne, wato mutum ɗan riƙo ne da zai ba da lissafi. Littafin Firistoci sura 17 ya umarci maharbi ya tsiyaye jinin abin da ya kama ya rufe shi da ƙasa, don girmama rai. Maimaitawar Shari'a sura 22 ta hana haɗa uwar tsuntsu da 'ya'yanta a ɗauke gaba ɗaya. Wannan ita ce dai ƙa'idar tsofaffin maharba: ka ci, ka bar iri. Makwabcinsa Musulmi ma zai gane ta, don shi ma an koya masa cewa halifa ne a bayan ƙasa, kuma an hana shi kashe dabba don wasa.

Manyan ikilisiyoyi sun yi magana a kai. Cocin Angilika ta sanya kiyaye halitta cikin ginshiƙan aikin bishararta tun 1990, Fafaroma Francis ya fitar da wasiƙarsa ta Laudato Si' a 2015, a Jos kuma akwai ƙungiyar Kirista ta Eden Creation Care Initiative da ke wannan aiki a aikace. To me ya sa abin bai kai ga maharbin ƙauye irin Rubochi ko Kawu ba?

Dalili ɗaya shi ne wa'azin riƙon amana a majami'u da yawa ya tsaya kan zakka da baiko da ginin coci, daji bai shiga lissafi ba. Dalili na biyu ya fi zurfi. Tun da masu mishan na SIM suka isa ƙasar Gbagyi a farkon ƙarni na 20, masu tuba suka bar tsafi, suka kuma daina tsoron kurmin da tsafi ke tsarewa. An cire tsohon shinge, ba a kafa sabo ba, alhali ayoyin da za a kafa shi da su suna cikin littafin da aka kawo. Dalili na uku, faston ƙauye yana jin nauyin ya hana mutum abin da yake ciyar da iyali da shi, balle mutumin da ke gadin garin da dare.

Inda mafita take

Wasu Kiristocin Amurka kan kafa hujja da cewa maharbi ne babban mai kiyaye daji, kuma suna da abin nunawa. Dokar Pittman-Robertson ta 1937 ta ɗora haraji kan bindigogin farauta da harsasai, ana zuba kuɗin a kiyaye namun daji, kuma da lokacin farauta da iyakar abin da za a kashe, barewarsu da ta kusa ƙarewa ta dawo. Abin koyi a nan shi ne lasisi da lokaci da iyaka. Yawaitar bindiga a hannun jama'a, wadda ke lashe rayuka sama da 40,000 a shekara a can, ba abin da Najeriya za ta yi sha'awa ba ne.

Aikin gwamnati a bayyane yake: a yi wa maharba rajista ta hannun hakimai da ƙananan hukumomi shida na yankin, a ba su shaidar da za ta kare su, a ɗaure ta da sharuɗɗa, a kuma aiwatar da dokar kare dabbobi masu ƙarewa ta 1985 da aka yi wa gyara a 2016. Amma akwai abin da coci ta fi gwamnati iyawa, domin ita ce ke da maharbi a bencinta na ƙauye da mai saye a bencinta na Garki da Wuse. Zumuntar maza a ƙauye na iya ɗaukar alkawari a fili: ba farauta da damina, ba harbin mai ciki ko mai reno, ba wuta, ba guba, ba tarkon waya. Lokacin addu'a domin halitta da coci-coci ke kiyayewa daga 1 ga Satumba zuwa 4 ga Oktoba ya faɗo cikin damina, ya dace da wannan wa'azi. Ikilisiyoyin birni masu hali na iya tallafa wa kiwon gyazbi, wanda ake yi a Benin da Gana da kudancin Najeriya, don saurayi ya sami abin yi kafin a ce ya rataye bindiga.

Nauyin ya fi yawa a kan mai saye. Maharbi yana da uzurin talauci da na tsaro, ɗan birnin da ke biyan kuɗi don marmari ba shi da ko ɗaya. Duk cocin da ta nemi maharbi ya kame hannunsa, ta kuma yi shiru kan abin da attajiranta ke ci, ta ɗora amanar ne a kan mafi rauni. In ana son wa'azin ya yi tasiri a dajin Kuje da Abaji, sai a fara shi daga mumbarin cikin birni, inda kuɗin ke fitowa.