Gaskiya ko Jita-jita: Wai sai mai "kan lissafi" ke cin lissafin jami'a?

Da hutun ƙarshen shekara ɗan yayata ya dawo Durba daga wata jami'a a wajen jihar Kano, ɗauke da kari-oba a lissafin aji ɗaya. Yaron nan tun yana sakandare yake raka mahaifinsa kasuwa a Kibiya da Rano, ana awon masara yana faɗin kuɗin kafin mai awo ya ɗinke bakin buhu. Ya same ni a zaure bayan la'asar, ya gaishe ni, ya yi shiru. Can ya ce, "Kawu, ni dai na gano ba ni da kan lissafi. Ko in canza kwas ne?"

Wannan magana ta "kan lissafi" ita ce babbar jita-jitar da ke kashe wa yaranmu gwiwa, kuma ba a bakin ɗalibai kaɗai take ba. Iyaye na faɗinta, har wasu malaman ma. Na ce ya ɗauko min littafinsa. Rubutu tsaf, babu gogewa, babu kuskure ko ɗaya, duk abin da aka rubuta a allo ya kwafe. Nan gabana ya faɗi, domin littafin mai koyon lissafi na gaskiya cike yake da zane-zane da sokewa.

Sai na ba shi aiki. Na ce, "Ga mai lambu yana da waya mita 40. Yana so ya kewaye fili mai kusurwa huɗu a jikin katanga, katangar ta tsare masa gefe guda. Yaya zai ja wayar ya sami fili mafi girma?" Ya dube ni, ya ce ba a ba su fomular wannan ba. Na ce ya bar fomula, ya gwada. Ya ɗauki tsinke ya fara zane a ƙasa. Faɗi mita 5, tsawo 30, ya ba shi murabba'in mita 150. Faɗi 8, tsawo 24, ya ba shi 192. Faɗi 10, tsawo 20, ya kai 200. Ya ƙara zuwa 12, tsawo ya koma 16, sai ga 192 kuma. Ya tsaya yana kallon ƙasa. Ya ce, "Kawu, yana hawa ne sai ya fara sauka. A kan goma ya tsaya, ba ya hawa ba ya sauka." Na ce, "To, abin da ba ya hawa ba ya sauka, nawa ne saurin canjinsa?" Ya ɗago kai ya ce, "Sifili! Ashe shi ya sa ake cewa a daidaita shi da sifili." Wata huɗu yana yin wannan a kalkulas bai san dalili ba. Kan yana nan. Ba a taɓa sa shi aiki ba ne.

Abin da na gani a zauren nan masu bincike sun gan shi tuntuni. A 1985 wasu masana a birnin Recife na ƙasar Brazil, Carraher da Schliemann da abokiyar aikinsu, sun bi yara masu talla a titi suna saye a hannunsu, suna yi musu tambayoyin farashi da canji. Yaran sun amsa kusan kashi 98 cikin ɗari daidai. Da aka rubuta musu lissafin nan dai a takarda, lambobi zalla irin na aji, sai suka ci kusan kashi 37. Duk wanda ya taɓa ganin 'yar talla a Maraɗi tana juya kuɗin sefa a ka, inda dala ɗaya take tamma biyar, dala ashirin ta zama ɗari, ya san ba basira muka rasa ba. Cewa Allah ya fifita wasu a saurin fahimta gaskiya ne, kamar yadda ya fifita wasu a murya ko ƙarfi. Amma lissafin aji ɗaya na jami'a ba a tsara shi don tsirarun haziƙai ba. An tsara shi ne don duk mai son zama injiniya, ko malamin kimiyya, ko masanin noma. Saboda haka hukuncin wannan magana: jita-jita ce.

Ta biyu ta fi wuyar kamawa, domin tana da daɗin ji. Ana cewa malamin kirki shi ne wanda zai tsaya awa biyu ya warware komai a allo, sumul, ɗalibai su fito suna cewa "yau kam mun gane." Ni ma na daɗe a kan wannan ra'ayi. Amma a 2014 Scott Freeman da abokan aikinsa sun tattara sakamakon nazari 225 da aka yi a kan darussan kimiyya da injiniyanci da lissafi na jami'o'i. A azuzuwan da malami ke magana ɗalibai na saurare kawai, kusan kashi 34 cikin ɗari ke faɗuwa. A waɗanda ake tsayar da lakca a sa ɗalibai su yi aiki da hannunsu, su tattauna, su amsa, masu faɗuwa sun sauko zuwa kusan kashi 22. A aji mai mutum ɗari biyar, wannan bambanci ya kai mutum sittin. Mutum sittin da iyayensu suka sayar da hatsi ko ɗan rago suka biya musu rajista.

Wani nazarin da aka buga a 2019 daga Jami'ar Harvard ta Amurka ya ƙara tona asirin abin. An raba ɗaliban fiziks gida biyu. Wasu suka sha lakca mai santsi daga ƙwararren malami, wasu aka sa su fara kokawa da tambayoyin kafin a yi musu bayani. Da aka tambaye su, 'yan lakca mai santsi suka ce su suka fi ƙaruwa. Da aka yi gwaji, waɗanda suka sha wuya suka fi ci. Jin an gane daban, ganewa daban. Kallon magini yana ɗora tubali ba ya sa hannunka ya iya miƙe katanga, kuma mu da muka taso a makarantar allo bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba. Wane alaramma ne ke karanta wa almajiri ya ce shi ke nan? Sai ya biya da bakinsa, ya rubuta da hannunsa, a gyara masa, ya wanke, ya sake, sannan ya yi tishi.

Sai kuma masu cewa ai duk wannan na ƙasashen da ke da ƙananan azuzuwa ne, mu nan ɗalibi yana zaune a taga, wani a tsaye a bakin ƙofa. Rabin wannan magana gaskiya ne, kuma ba zan raina wahalar malaman ba. Mutum ɗaya ba zai iya duba aikin gida na ɗaruruwan ɗalibai duk mako ba. Ga zangon karatu da ake matsewa, musamman bayan yajin aikin ASUU na wata takwas a 2022, inda kowa ya koma tseren kammala manhaja. Amma ɗaya rabin jita-jita ne. Dabarar da Eric Mazur ya fara amfani da ita a farkon shekarun 1990 don babban ɗakin lakca aka yi ta. Malami ya yi bayani na minti goma, ya jefa tambaya ɗaya mai zaɓin amsa huɗu, wadda ke taɓo ainihin inda ake ruɗewa. Kowa ya yi tunani shi kaɗai, ya nuna amsarsa. Idan kawuna sun rabu, sai a ce kowa ya juya ga na kusa da shi ya gamsar da shi cikin minti biyu, sannan a sake tambaya. Wannan ba ya buƙatar wutar lantarki ko kwamfuta. Yatsun hannu a ƙirji sun isa: ɗaya, biyu, uku ko huɗu. Abin da yake ci shi ne lokacin malami wajen shirya tambaya mai kyau, da kuma haƙurin jin ɗaki ya kaure da hayaniya na ɗan lokaci.

Akwai wadda ta fi shafar yaran ƙauye irin namu. Ana ce musu, "Ka kama kanka, ban da yawan abokai, ka shige ɗaki ka yi karatunka." Nasiha ce ta ƙauna, kuma tana tsare yaro daga abubuwa da yawa. A lissafi kuwa tana iya cutarwa. A tsakiyar shekarun 1970 Uri Treisman na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ya so ya san abin da ke kayar da ɗalibai baƙar fata a kalkulas, alhali sun shigo da sakamako mai kyau. Ya bi rayuwarsu ya kwatanta da ta ɗalibai 'yan asalin Sin. Bai sami lalaci ba. Abin da ya samu shi ne, na farkon kowa shi kaɗai yake fama a ɗaki, idan ya maƙale babu mai nuna masa. Na biyun kuwa sukan yi nasu su kaɗai, sannan su haɗu da yamma su baje aikin, wannan ya kama kuskuren wancan. Daga nan ya kafa zaman aiki na rukuni a 1978, inda ake ba su tambayoyi masu tsauri, ba masu sauƙi ba, kuma sakamakonsu ya tashi. Da na tambayi ɗan yayata da wa yake bita, sai ya ce shi kaɗai. Kunya yake ji kada 'yan birni su ji tambayarsa su yi masa kallon ɗan ƙauye.

Batun cewa lissafi ba na mata ba ne ba zai ɗauke mu lokaci ba. Nazarin Janet Hyde na 2008 a kan sakamakon ɗalibai sama da miliyan bakwai a Amurka bai sami wani bambancin a zo a gani tsakanin maza da mata ba. Grace Alele-Williams ta yi digirin digirgir a fannin koyar da lissafi a 1963, ta kuma shugabanci Jami'ar Benin daga 1985. Maryam Mirzakhani 'yar Iran ta karɓi lambar Fields a 2014, kuma an san ta da aiki a tsanake, ba da gaggawa ba. Wannan ma ya isa amsa ga masu ɗaukar saurin ɗaga hannu a aji a matsayin alamar hazaƙa.

Wadda ta fi ɓata min rai ita ce cewa lissafi ilimin Turawa ne, ba gadonmu ba. Kalmar aljabara kanta daga sunan littafin Al-Khawarizmi ta fito, wanda ya rubuta a Bagadaza wajen shekara ta 820, kuma babban ɓangare na littafin a kan wasiyya da gado yake. Je ka zauren duk malamin da ke rabon gado a ƙasar Rano ka ga aiki. Mutum ya rasu ya bar mata, da 'ya'ya mata biyu, da uba da uwa. Malam zai kafa asalin mas'alar a kan 24: mata tumuni, wato 3, 'ya'ya mata sulusi biyu, 16, uba sudusi, 4, uwa sudusi, 4. A haɗa, sai ga 27, rabo ya fi dukiya. Sai ya yi auli, ya mayar da asalin 27, kowa ya ragu daidai gwargwado, tumunin matar ya koma ɗaya bisa tara. Wannan shi ne lissafin ɓangarori da ke kayar da yara a jami'a, ana yin sa a kan buzu. A 1732 Muhammad ɗan Muhammad Alkatsinawi, Bafulatanin Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta hanyoyin gina hatimin lambobi mai gidaje mara, uku-uku, biyar-biyar, inda kowane layi ke ba da jimla ɗaya. A zamaninmu kuma ga Farfesa Iya Abubakar, ɗan Belel a Adamawa, wanda ya yi digirin digirgir a Kambirij, ya jagoranci sashen lissafi a Jami'ar Ahmadu Bello, ya kuma shugabanci jami'ar daga 1975 zuwa 1978. Tunda lissafi ba baƙo ba ne a wurinmu, ban ga laifin malamin da zai ɗan sauka zuwa Hausa a lokacin bita don ya warware ƙulli ba, muddin zai mayar da ɗalibin ga kalmomin da zai tarar a takardar jarrabawa.

Magana ɗaya ce cikin waɗanda ake yi na same ta gaskiya tsantsa: da yawa suna zuwa jami'a da rarraunan tushe. Yaro na iya riƙe kiredit na WAEC ko NECO, ya tsallake JAMB, amma haɗa rabi da sulusi ya gagare shi. Kalkulas kuwa ba ya yafe wannan, domin kowane mataki nasa a kan aljabara yake tsaye. Gwamnatin Kano da kanta ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024. Sai dai rarraunan tushe gyaruwa yake. Jihar nan ta taɓa gwadawa: a 1977 ta buɗe makarantun sakandaren kimiyya a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, ta zuba malamai da kayan aiki, kuma daga cikinsu aka sami likitoci da injiniyoyi masu yawa, da dama 'ya'yan manoma. Yau yaran Kibiya da Rano na da Jami'ar Bayero, da ta Aliko Ɗangote a Wudil, da sauransu a kusa da gida. Gwajin minti talatin a makon farko zai nuna wa kowane sashe waɗanda ke buƙatar a koma da su kan ɓangarori da aljabara, kuma ɗaliban aji uku da huɗu za su iya jan ƙananan rukunonin bita idan an ba su ɗan alawus.

Ɗan yayata bai canza kwas ba. Sauran hutun kullum bayan sallar asuba yakan yi tambaya biyar, littafi a rufe, in ya maƙale ya sa alama. Da yamma su haɗu da wasu yara biyu na unguwa masu shirin JAMB, shi ke yi musu bayani, kuma a wajen bayanin yake gano inda shi ma bai riƙe ba. Ranar da zai koma na sake duba littafin. Shafi bakwai a jere duk sokewa ne, a na takwas amsar ta fito. Ya sa shi a jaka, ya durƙusa ya yi min sallama, ya ce, "Kawu, akwai wani ɗan Gaya a ɗakinmu, shi ma ya faɗi. Zan neme shi mu riƙa zama tare."