Me Ya Sa Sabis Ke Ɗaukewa? Bayani Ga Masu Wayar Hannu

Dattawa za su iya tuna zamanin da tarho yake sai a ofis ko gidan mai hali. Kafin shekarar 2001, layukan tarho a Nijeriya duka ba su kai rabin miliyan ba. A watan Janairu na wannan shekara Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, ta yi gwanjon lasisin wayar salula, a watan Agusta kuma kamfanoni suka soma aiki. Yau manomi da makiyayi da mai talla kowa da wayarsa. Amma har yanzu kukan jama'a ɗaya ne: "Babu sabis." Yana da kyau kowa ya san dalili.

Wayar hannu ƙaramar rediyo ce. In ka yi kira, takan aika muryarka ta iska zuwa ƙarfen sabis mafi kusa, shi kuma ya miƙa ta gaba, sau da yawa ta cikin igiyar gilashi da aka binne a gefen hanya. Duwatsu da kwari da katanga mai kauri suna tare saƙon, shi ya sa mutumin da ke gindin dutse yakan rasa sabis alhali na kan tudu yana hira. Kowane ƙarfe kuwa yana da iyakar kiran da zai ɗauka a lokaci guda. Ranar kasuwa ko ranar Salla, layi yakan cushe ko da wayarka ta nuna sabis a cike.

Wani dalilin kuma daga gare mu yake. Yawancin ƙarafan nan da janareta da batir suke aiki. Wanda ya saci man ko batirin, ko mai aikin hanya da ya tsinke igiya garin haƙa, ya yanke garuruwa da dama daga asibiti da banki da 'yan uwansu. Saboda haka ne a shekarar 2024 Gwamnatin Tarayya ta sa kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa, taɓa su babban laifi ne. Ana roƙon masu unguwanni da dagatai su sa ido, su kai rahoto ga 'yan sanda.

In sabis ya yi rauni, kada ka yi ta maimaita kira, cinkoso kake ƙarawa, batirinka kuma yana zuba. Matsa kusa da taga ko ka fita fili, ko ka aika rubutaccen saƙo, domin shi yakan wuce inda murya ta kasa. Direba kuma ya tsaya gefen hanya kafin ya amsa waya, doka ta hana waya a kan tuƙi.

In kana da ƙorafi, fara kiran kamfaninka a lamba 300, ka karɓi lambar shaidar ƙorafin. In ba su share maka hawaye ba, kira NCC a 622, kyauta ne. Tun 2013 kana da ikon komawa wani kamfani ba tare da canza lambarka ba. Gobara ko haɗari ko fashi kuwa, lambar gaggawa ita ce 112, ita ma ba a biya.