Ko Kun Sani?

Yawun bakinku zai iya tona asirin ruɓewar haƙori tun kafin ciwo ya fara! Likitan haƙori kan ba mutum ɗan kakin da zai tauna na minti 5, ya tofa a ƙaramin kofi, sai a auna yawan yawun da tsaminsa. Idan tsamin baki ya ƙaru har ma'aunin pH ya sauka ƙasa da 5.5, ɓawon haƙori ya fara zaizayewa ke nan. Ana kuma ƙirga ƙwayoyin Streptococcus mutans, masu mayar da sukari tsami. Dalilin auna yawu kuwa, yawu ne ke wanke haƙora dare da rana, komai na baki yana cikinsa. Babu allura, babu zafi. Tunda yawu ke wanke haƙora, mai yawan bushewar baki, ya daure ya ga likita.