Baƙunta da Ra'ayin Siyasa a Kaduna: Waiwaye daga Arewacin Kogi

Maƙasudin wannan takarda shi ne duba yadda ƙaura zuwa sabon gari take sauya zaman mutum na yau da kullum, sa'an nan da yadda shi wannan zaman yake juya ra'ayinsa na siyasa. Na zaɓi Kaduna, musamman ɓangarenta na arewacin kogi, domin da wuya a sami wani babban gari a Arewa wanda yawancin mazaunansa za su iya faɗa maka garin da ubansu ko kakansu ya baro. A nawa ganin, masaukin baƙo da wurin neman abincinsa su ne makarantarsa ta farko a siyasa, tun kafin ya taɓa tsayawa a dandalin lacca.

Gari marar ganuwa

Ita kanta Kaduna ƙaura ce ta haife ta. Turawa sun zauna a Zungeru tun 1902, amma zafi da sauro suka ishe su. Da jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, sai Lugga ya ƙyallara ido ya ga filin da hanyar jirgin ta ƙetare Kogin Kaduna, inda Gwari suke noma. Soja suka fara tarewa a 1913, hedkwata kuma ta biyo baya a 1917. Tun daga tsarin farko aka sa gidajen Turawa da ofisoshi da barikin soja a arewa, tashar jirgi kuwa tana kudu. Can kudun ne, a Kakuri, aka buɗe masaƙar farko a 1957, wasu masaƙun suka biyo ta.

Abin lura a nan shi ne, garin ba shi da ganuwa, ba fada, ba tsofaffin gidajen sarauta. A 1956 ma aka yi dokar da ta cire shi daga hannun En'e ta Zazzau, aka damƙa shi ga kantoma. Mutumin da ya taso a Katsina ko Sakkwato ya saba da tsani: mai unguwa, dagaci, hakimi, sarki. Ya san wanda zai cire wa takalmi, ya san kuma wanda zai kai shi gaban alkali in ya yi baki biyu. Da ya sauka a Kaduna sai ya tarar wanda ke da iko da cinsa da shansa shi ne babban akawu, ko helma, ko mai gidan haya. Wannan ne abin da mutanen gida suke kira bariki, suna faɗarsa da ɗan yatsine. Amma fa a barikin ne talaka ya fara koyon cewa ana iya musu da na gaba a kwana lafiya.

Masauki

Bahaushe ba ya shiga gari da ka. Kafin ya baro gida an riga an ba shi sunan wanda zai nema, watau ɗan garinsu, ko abokin ubansa, ko ɗan'uwansa a ɗariƙa. Shi wannan mai masauki zai ba shi tabarma a zaure, ya nemo masa ɗaki, ya tsaya masa a wurin aiki. Sunayen unguwanni ma sun riƙe mana wannan tarihi: Unguwar Kanawa, Tudun Nupawa, Unguwar Shanu, da Kabala Costain wadda ta ci sunan kamfanin gine-gine. To, wanda ya ba ka tabarma ya kuma sama maka aiki, in ranar zaɓe ta zo ba ka rasa jin nauyinsa. Saboda haka ra'ayin baƙo na farko sau da yawa na aro ne.

Sai dai aron ba ya daɗewa, kuma gidan haya ne ke ɓata shi. A Tudun Wada ko tsakiyar gari, inda tituna ke ɗauke da sunayen Kano da Katsina da Ibadan da Abeokuta, gida ɗaya kan haɗa Bakano da Banufe da Bayarabe da mutumin Kagoro, rijiya ɗaya, makewayi ɗaya, igiyar shanya ɗaya. Kulle irin na birni ba ya yiwuwa sosai a irin wannan gida. Mata su suka fi cuɗanya, ta wajen adashi da aron turmi da miƙa kwanon abinci ranar Salla ko Kirsimeti, alhali kuwa matan Arewa ba su jefa ƙuri'a a babban zaɓe ba sai 1979. Ban ce wannan zama ya rasa tsegumi da faɗan famfo ba. Abin da ya yi shi ne, ya tilasta wa mutum jin dalilin abokin hamayya daga bakin wanda yake rance a hannunsa.

Wurin aiki kuma ya raba ra'ayi ta wata fuskar. A Kaduna aka yi babban taron kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa a 1949, wadda ta zama jam'iyyar siyasa, NPC, a 1951. Bayan Sardauna Ahmadu Bello ya zama Firimiya a 1954, manufar mayar da aikin gwamnati hannun 'yan Arewa ta kwaso samari daga larduna zuwa ofisoshi. Wanda ya sami kujera da gidan gwamnati ta wannan hanya, ba abin mamaki ba ne ya ga gwamnatin tasa ce. Lebura da ɗan tireda da mai ɗinki kuwa, waɗanda haya ke ci musu tuwo a ƙwarya, kunnensu ya fi buɗewa ga NEPU da ƙungiyoyin ƙwadago. Wannan ba doka ba ce, don akwai akawun da ke karanta takardun Sawaba a ɓoye. Hatta a sha'anin addini, mutane da yawa da suka baro gida da wuridin iyayensu sun sake tunani bayan sun zauna tafsirin Shaihu Abubakar Gumi a Masallacin Sultan Bello, wanda Rediyon Kaduna ke yaɗawa. Lokacin ƙidayar 1963 garin ya kai kimanin mutum 150,000.

Kisan Sardauna a 15 ga Janairu 1966, da tarzomar shekarar wadda ta kori Ibo masu yawa, da ƙirƙiro jihohi a 1967 wanda ya watsa ma'aikata zuwa Kano da Sakkwato da Maiduguri da Jos da Ilori, duk ba su hana garin ci gaba da karɓar baƙi ba. Wasu sukan kawo zaɓen Balarabe Musa na PRP a 1979, da tsige shi da majalisar NPN ta yi a 1981, a matsayin shaidar halin Kaduna. A yi hattara da wannan hujja, domin jihar a lokacin ta haɗa har da Katsina, wadda ba a cire ba sai 1987.

Ƙaura ta biyu

Ƙaurar da ta fi yi wa garin tabo ba ta fita daga cikinsa ba. Rikicin shari'a na Fabrairu da Mayu 2000, da na gasar sarauniyar kyau a Nuwamba 2002, da na bayan zaɓe a Afrilu 2011, sun sa mutane sun kwashe kayansu sun ƙetare gada. Kirista da yawa suka bar Tudun Wada da Rigasa da Kawo suka koma Sabon Tasha da Narayi da Unguwar Romi, Musulmi kuma suka baro waɗancan wurare suka yo arewa. An sayar da gidaje da arha, an yi musayar wasu. Ba a rabu ƙaf ba, don akwai unguwanni irin su Barnawa da suka ci gaba da cakuɗa, amma ta kai mai neman haya yakan fara tambayar su wane ne a layin kafin ya tambayi kuɗin ɗaki.

Abin baƙin ciki, a daidai wannan lokaci masaƙu suka durƙushe. Ta farkon ta rufe a 2002, mafi girmansu kuma ta tsaya a 2007. Watau wuraren nan biyu da ke haɗa mutane, gidan haya da ɗakin aiki, sun raunana tare. Da rana ana haɗuwa a babbar kasuwa da ofisoshi, da yamma kowa ya kama gabansa. Hirar siyasa kuwa ta dare ce, a teburin mai shayi da dakalin ƙofar gida, inda yanzu mutum ya fi jin muryar wanda suka riga suka yarda da juna. Yaron da aka haifa a Rigasa bayan 2000 yana iya kai shekarun jefa ƙuri'a bai taɓa kwana gida ɗaya da wanda ba addininsu ɗaya ba, haka ma takwaransa na Sabon Tasha.

Baƙin da suka shigo daga baya, waɗanda 'yan bindiga suka taso daga ƙauyukan Birnin Gwari da Giwa da Zamfara, wannan rababben gari suka tarar. Su ma da sunan mai masauki suke zuwa, kamar na farko, su sauka a Rigasa ko Mando. Bambancin shi ne, na da sun zo neman albashi ne da niyyar komawa gida in sun yi ritaya, waɗannan kuwa gonar da za su koma ita suka gudo suka bari. Ina roƙon masu nazari a cikinmu su zauna da su, su ji wa ya ba su tabarma, da kuma abin da yake gaya musu game da mutanen ƙetaren kogi.